Hausar da Najwa Ta Iya

Hillar Alamin, kusa da Hajj Abdalla
12 ga Oktoba, 2003

Zuwa ga Yayata Ramatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da maigidanki da yara. Mu ma muna nan cikin rufin asirin Allah.

Yaya, a tsaye nake rubuto miki, Saifuddin na goye a bayana ina jijjiga shi. Idan kin ga layin ya karkace, aikinsa ne. Watansa bakwai, bai san wata sana'a ba sai kuka. A asibiti an ce haƙori ne, malam ya ce iska ce, ni kuwa na ce halin ubansa ne.

Littafin nan da Hajiya Hannatu ta zo da shi daga Kano, sau uku na karanta shi. Akwai wani miji a ciki da matarsa ta ƙona tuwo, ya cinye har ƙanzon, ya ce bai taɓa cin mai daɗinsa ba. Shekaranjiya ina daidai wurin nan kisra, wainar nan ta dawa, ta ƙone mini, sai na tsaya in ji abin da maigidana Bilyaminu zai ce. Yaya, ba haka ya ce ba.

Ba na ɗora masa laifin duka. Tun asuba yake fita hawasha, gonar nan ta auduga, ruwa kuma ba ya isowa magudana kan lokaci, ganye har ya fara sunkuyar da kai. Ya dawo ya tarar da ɗa na tsala kuka, tsakar gida ba shara, ni da littafi a hannu. Bai san tun safe ban zauna ba sai lokacin. 'Yan'uwansa mata duk suna Wad Madani, ba ni da wadda zan miƙa wa yaro ko wanka in yi. Daga "ina abinci" sai ki ji mun kai ga iyaye da kakanni.

Amma kada ki damu, mun yi dabara. Kin san a gidan nan Larabci muke yi, da shi muka yi makaranta, da shi ɗiyata Najwa ta buɗe baki. To da zarar rigima ta taso sai mu juya Hausa. Katangarmu gajeriya ce, maƙwabciyata Sara Balarabiya tana jiyo hayaniya amma ba ta tsintar ko kalma ɗaya. Najwa ma haka. Tana zaune da 'yan tsanarta na karan dawa, ko ɗago kai ba ta yi. Shekararta huɗu amma ta fi ni natsuwa. Ba ƙiriniya, ba roƙo, wani lokaci har mantawa nake tana ɗakin.

In Allah ya yarda za mu zo ƙaramar Salla. Ki gaya wa Inna ta shirya, jikarta da ta bari tana tatata ta zama budurwa. Idan kin ga Hajiya Hannatu ki roƙar mini kashi na biyu, an bar ni a inda yarinyar ta tsaya a tasha da akwatinta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Asma'u

Mairuno
3 ga Disamba, 2003

Asma'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, da fatan kun isa lafiya, tunda ba ki ga damar aiko da labari ba.

Kin ce kwana biyar za ki yi, kika yi biyu, kika tattara yara kamar ana korarki. Ni ba zan rufe ki ba, dole mu yi maganar nan.

Kin san idon Inna ya kusa rufewa. Tun farkon azumi take tanadin dabino a gefen zane, ta sa na ɗinka wa Najwa riga, kullum tana tambayata saura kwana nawa. Kuna shigowa yarinyar ta gaida maigidana da Larabci, ta karɓi alewa a hannuna, har da murmushi. Inna ta miƙo hannu ta ce, "Zo nan 'yar gidana, zo in ji ɗuminki." Abin da ta faɗa ke nan. Kin dai ga sauran. Yarinya ta toshe kunnuwa, ta shige ƙarƙashin gado, ta jiƙa sabuwar rigarta, tana ta maimaitawa da Larabci, "Ban yi kome ba, ban yi kome ba." Ke kuma kika yi dariya kika ce ƙiwa ce.

Ba ƙiwa ba ce. Na sa ido a kanta kwana biyun nan. Duk wanda ya yi mata Larabci tana zuwa wurinsa, ko baƙo ne. Mai kifi ya yi sallama yana raha da Hausa, sai ga ta a bayan randa. Mata biyu suna hirar farashin albasa, ta ɗauki takalmanta ta fita rana ta tsaya.

Inna ta ce a nemo rubutu, wai baki ne ya kama ta. Bayan tafiyarku ta tambaye ni, "Ramatu, ko muryata ce ta tsufa har take ba yara tsoro?" Na ce a'a. Dabinon na nan, ta hana kowa taɓawa.

Na koma na sake karanta wasiƙarki, wurin da kike yabon dabararku. Ki ajiye littafin nan na yini ɗaya, yarinyar da ke tasha ba inda za ta, ki zauna ki saurari ɗiyarki. Sannan ki rubuto mini gaskiya, ba irin ta littafi ba.

Ki gaida Bilyaminu. Allah ya shirya mana.

Yayarki,
Ramatu

Hillar Alamin
21 ga Disamba, 2003

Yaya Ramatu,

Salama da gaisuwa. Na ji haushin wasiƙarki kwana uku, ran na huɗu na yi abin da kika ce.

Da hantsi Saifuddin ya yi barci, na laɓe a bakin ƙofa. Najwa na zaune da 'yan tsanarta uku. Ta ɗaga babbar, ta kumbura murya ta ce, da Hausa, "Na gaji da ke." Ta ɗaga ta biyu, ta sirantar da murya, "To sake ni mana." Babbar ta ce, "Rufe mini baki." Ta biyun ta ce, "Allah ya isa." Yaya, har yadda nake jan ƙarshen maganar, haka ta ja shi. Sai ta ɗauki 'yar ƙaramar ta kife ta da kwano, ta raɗa mata da Larabci, "Ki yi shiru har su gama."

Na shiga na zauna kusa da ita. Na ce, "Najwa, me suke cewa?"

Ta ce, "Ba magana suke ba, Mama. Hausa suke yi."

Na ce, "To mece ce Hausa?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Abin da ake yi kafin a fasa kofi."

Iyakar Hausar ɗiyata ke nan, Yaya. Ba ta san sannu ba, ba ta san ruwa ba, ba ta san Inna ba. Harshen da Inna ta yi mana tatsuniya da shi, mu mun ba ta shi a matsayin bulala.

Da Bilyaminu ya dawo na bari ya ci abinci, sannan na gaya masa. Na zaci zai ce laifina ne. Sai ya zauna bakin gado ya ce, "Har da muryata?" Na ce har da ita. A nan muka yi alkawari, hannunsa cikin nawa, ba za mu ƙara yin faɗa da Hausa a gidan nan ba.

Yau kwana tara ke nan. Na zuba littattafan a akwati na tura ƙarƙashin gado. Ran kasuwar Hajj Abdalla, Bilyaminu ya kawo wa Najwa gwaiba, ya ɗora ta a wuyansa har bakin magudana. Kowace safiya ina ba ta kalma ɗaya a hankali, kamar magani. In nuna in ce tsuntsu, in ce gajimare. Jikinta yana sandarewa, amma jiya ba ta gudu ba. A littattafai akwai shafin da idan aka kai gare shi kome yake juyawa, ina jin mun kai namu. Ki gaya wa Inna ba muryarta ba ce. Da an gama tsinar auduga zan kawo mata jikarta, ta gaishe ta da bakin kakanninta.

Taki har kullum,
Asma'u

Mairuno
18 ga Janairu, 2004

Asma'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin wasiƙarki, sai dai wuri ɗaya bai kwanta mini ba. Hausa kuka yi alkawarin bari, ko faɗan?

Na karanta wa Inna abin da ya dace ta ji. Sai ta ce, "To in harshena ne ke ba ta tsoro, sai in ari nata." Kin san Inna, shekara saba'in tana cewa Larabcin salla ya ishe ta. Yanzu kullum bayan la'asar sai ta sa ni gaba in koya mata yadda ake cewa zo nan masoyiyata, ni ce kakarki. Tana murɗe shi kamar mai tauna ƙashi, yara na dariya, ta ce su yi ta yi, ba don su take koyo ba. Ta iya jimla huɗu. Ta biyar ita ce kada ki ji tsoro, ita ce ta ƙi zama.

Ƙafafunta sun kumbura. Mun kai ta Sinnar, likita ya ce zuciya ce, ya ba da ƙwayoyi, bai yi mana dogon bayani ba, ni ma ban nema ba. Kada ki jira ƙarshen tsina. Auduga tana dawowa baɗi.

Yayarki,
Ramatu

Hillar Alamin
22 ga Fabrairu, 2004

Zuwa ga Yaya Ramatu, tare da girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, Allah ya ba ta lafiya. Ni ne Bilyaminu. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban saba da na Hausa ba. Wasiƙarki ta iso tun tuni, Asma'u ta kasa ba da amsa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tsina ta kama, masu tsina suka yi ƙaranci bana, auduga tana zuba ƙasa. Na ce Asma'u ta fito ta taimaka. Ta fito kwana huɗu da goyo, Najwa na zaune a inuwar buhu. Rana ta bugi Saifuddin, zazzaɓi ya kama shi. Ran na biyar ta ce ba za ta ba. Na dawo da azahar raina a ɓace, na fara magana da Hausa. Ta ɗaga hannu ta ce, "Alkawari." Sai na juya Larabci, ita ma ta juya. Wallahi a lokacin gani muke muna cika alkawari ne.

Zan faɗi nawa kafin nata. Na ce tun da aka haifi yaran nan ban ƙara sanin daɗin gidana ba. Ita kuma ta ce ba don Najwa ba da tun shekarar farko ta bar mini gidan, yarinyar ce igiyar da ta ɗaure ta.

Najwa na tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa, ni ta ɗebo wa. Ba ta toshe kunne ba, ba ta gudu ba. Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali don kada ya zube, ta fita.

Yau kwana goma sha tara ba ta ce uffan ba. Tana ci, tana yin abin da aka sa ta. Idan ƙanenta ya fara kuka sai ta rufe masa baki da tafin hannunta tana duban ƙofa. Mun kai ta Wad Madani, likita ya duba kunne da harshe ya ce lafiyarsu ƙalau. Ya tambaye mu, "Yaya gida?" Muka kama hannunta muka fito.

Ina so in ce miki mun daina, amma ba zan yi miki ƙarya ba. Jiya ma mun yi, a kan maganar wa ta fi yi mata ciwo, tawa ko tata.

Ki sa mu a addu'a. Na bar miki shawarar abin da za a gaya wa Inna.

Ƙaninki,
Bilyaminu Audi

Hillar Alamin
29 ga Fabrairu, 2004

Yaya,

Salama. Na san ya rubuto miki, duk abin da ya faɗa haka ne.

Na ciro akwatin na duba littattafan nan ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu ana faɗa, ana shiryawa, amma ba wanda ya faɗi inda yaran suke tsaye.

Za mu taho ran Alhamis a motar safe, ni da yaran. Ki ce wa Inna ta huta da koyon jimla ta biyar ɗin, ta bar sauran huɗun ma. Hausa da Larabci duk mun ɓata wa Najwa su, ba mu da na uku. Idan mun shigo kada kowa ya yi magana. Inna ta buɗe hannunta kawai da dabinon a ciki, ta jira. Ban san ko yarinyar za ta je wurinta ba.

Ƙanwarki,
Asma'u