Idon Yaya da Takardun Gwamnati

Litinin, 3 ga Maris

Allah ya ƙara wa masu babban banki basira. Mutanen kirki, ba hayaniya, ba gumi. Suna zaune cikin sanyi bara suka ɗaga kuɗin ruwa, takardun bashin gwamnati da na saya wa Yaya suka faɗi warwas. Na tsufa ina sayar da fenti, ban taɓa ganin hajar da ba ta zuba ba, ba ta bushe ba, amma ta rame a ajiye.

Gadon mijinta ne. Cewa ta yi, "Auta, kai ka san kasuwa, riƙe min." Yanzu likita ya ce yanar idonta ta kai a cire, cikin watan nan. In na sayar yau, kuɗin aikin ba za su cika ba. Ban gaya mata ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je banki wurin Ɗan Kwat, ƙanin matata, wanda ya zuga ni na saya. Wai in jira wa'adi ya cika, a biya ni cif. Shekara huɗu! Na ce idon ma jira zai yi? Ya ce sabbin takardu sun fi nawa ruwa, wa zai ɗauki tsohuwa ba rangwame. Wato kwantai. Da haka ya faɗa tun farko, ai da na gane.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya ta zuba wa jikanta gishiri a shayi. Ta yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Talata, 11 ga Maris

Ɗan Kwat ya kira yana haki. "Maigida, kar ka sayar tukuna!" Wai harkoki sun tsaya cak, babban banki zai shigo ya yi ta sayen takardun gwamnati don kuɗi su wadata a gari. Na ce da kuɗin wa? Ya ce nasu, maɓalli suke dannawa su samu. Na ce in ni na yi haka a bayan shago, da ankwa za a fito da ni. Ya ce shi ya sa ba a ba ni maɓallin ba. Yaron nan ba kunya.

Litinin, 17 ga Maris

Takardun sun tashi. Mai saye ya zo wanda ba ya taya kaya, aljihunsa kuma ba ƙasa. Jinin kasuwa ya motsa min, na ce bari in ƙara riƙewa mako guda. Uwar yara ta ajiye min abinci ta ce, "Da idonka za ka yi cacar ko da nata?"

Na sayar kafin azahar. Kuɗin aikin sun cika, har da na magani.

Juma'a, 28 ga Maris

An yi aikin, yau an cire wa Yaya bandeji. Ta dube ni ta ce, "Auta, yaushe ka yi furfura haka?" Sai da na fita waje na share fuska. Warin asibiti ne.

A shago wani mai fentin gidaje ya yi ta masifa, galan ya ƙara kuɗi, wai babban banki ne ya malalo kuɗi gari. Sai na ji bakina yana cewa, "Malam, aikin nan ba ka san kansa ba, suna da dalili." Ni ɗin nan.

Ya biya sabon farashin yana tsaki, na ƙara masa buroshi kyauta. To, aikin idon Yaya, wa ya cika kuɗin?