Kunnen da Ka Bar wa Takwaranka

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara maka rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma da kana raye ma yaushe ka taɓa amsa min a kiran farko?

Labarin takwaranka ne, Abba angona, ɗan wajen ɗanmu Sani. Shekararsa huɗu, magana ba ta fita sosai, in an kira shi ko waiwaye. Uwarsa duk ta rame, don Sani ya fara cewa daga danginta ne.

Watan jiya muka hau Keke daga Unguwar Kanawa zuwa asibiti, wurin likitar ji. Ba allura, ba fiɗa, aikinta auna kunne. Ta ɗora masa wani abu a kunnuwa, in ya ji ƙara ya jefa ƙwallo a kwando. Rabin ƙarar duk ya wuce shi. Ta tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi. Na kawo ka, na kawo ƙanwarka Laure, na kawo mahaifinku mai manna rediyo a kunne. Ta ce gado ne, yana bin jini kamar tsawo, ba laifin kowa ba ne. Sani ya sunkuyar da kai. Gida ka bar mana, Malam, wa ya ce ka haɗa da kunne?

Ashe duk faɗan da na yi ta yi cewa share ni kake, da gaske ba ka ji. Ka yafe min.

Jiya aka sa masa 'yar na'urar ƙara ji. Likita ta ce wani ya tsaya bayansa ya kira shi a hankali. To, ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Shekara arba'in, in ka juya baya nakan kira sunanka na yanka ƙasa-ƙasa, don na san zai wuce ka. Daɗinsa nake ji a bakina. Jiya ma sai bakin ya suɓuce, na kira Habibu.

Yaron nan ya waiwayo, Malam! Ya zaro ido yana neman mai muryar, uwarsa na kuka tana dariya. Shi kuwa Sani ya ƙura wa silin ido, wai bai ji sunan ubansa a bakina ba.

Likita ta ce magana za ta zo, muddin ana yawan yi masa hira. Ka ga a ƙarshe an samu wanda aka rubuta wa surutuna a matsayin magani.

Ka huta lafiya, sai na iso.

Taka mai yawan magana,
Asabe