Jirgin Wuta da Jirgin Makulli

Sabon Birni,
Kaka, 1956.

Zuwa ga Yayana Malam Jibrilla, makarantar elementare, Isa.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Littattafan da ka aiko ta hannun Habi mai daddawa sun iso. Biyu na riga na cinye su, na ukun ina ja masa rai don kar ya ƙare.

Bayan haka, Yaya, gidanmu ya yi baƙo. Ka san maigidana tun da ya baro aikin zuba kwal a reluwe ta Ƙaura, zuciyarsa tana can. Yana ƙera fitilu da mazurarai, gwangwanin da ya ragu kuma ya mai da shi 'yan jiragen ƙasa, ya jera bisa katako a ɗakinsa. Waɗannan ba sa motsi. Mai tafiya ɗaya ne, tsohon kan jirgi da wani Bature direba ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Baƙi ne, mai tukunyar tagulla, bai kai kamu guda ba. Ana zuba masa ruwa, a kunna lagwani a ƙarƙashinsa da kananzir, sai ya fara huci, ya yi kuka siriri, ya bi ɗan dogonsa yana zagayawa.

To, yanzu wani bafatake ya kawo masa sabo daga kantin Gusau. Kore shar, sai walƙiya. Shi ba ruwansa da wuta, makulli ake murɗa masa kamar agogo. Jiya ya aje su gaba ga juna, ya ce, "Mairama, wanne ya fi?" Na ce sabon mana. Ya ce, "Wanga? Sa hannu ki ji, sanyi ƙalau kamar gawa. Tsoho shi ke da numfashi." Na ce ai sabon ya fi gudu. Ya ce, "Ɓarawo ma yana da gudu."

Gaskiyarsa ne, Yaya. In tsohon nan ya fara huci, sai in ji kamar ni ce matar nan ta cikin littafi da ta leƙa ta tagar jirgi ta ga garinsu yana komawa baya. Ni da ban taɓa ganin jirgin gaske ba! Amma yana ba ni tsoro. Maigida ba ya kunna shi sai ya share tsakar gida fes, ya aje tulu kusa, ya duba babu iska. Kullum sai ya ce, "Ko da wasa kar ki taɓa shi. Wuta ce ta gaske."

A gai da Inna. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Mairama.

Sabon Birni,
Laraba.

Yaya,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun.

Shekaranjiya maigida ya kai fitilu kasuwa. Kafin la'asar wuta ta tashi a darnin da ya raba mu da maƙwabcinmu Wada. Kafin a ɗebo ruwa ta kama rumbunansa, kuma hatsin bana duka yana ciki. Ban taɓa sanin gero yana ƙara in yana ƙonewa ba. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi, amma abincin shekara na gida guda ya zama toka. Uwar Wada ta zauna cikin tokar tana tonawa da hannu.

Maigida ya dawo ya tarar da hayaƙi. Da shi aka ƙarasa kashe wutar. Amma yara sun ce sun ji kukan ɗan jirgi ta bayan darni da hantsi, nan take magana ta zagaye unguwa. Wada ya tsaya ƙofar gidanmu yana cewa, "Kalilu, wasanka na yara ya cinye mini shekara!" Jiya da safe dogarai suka tafi da shi Isa wurin alƙali, da akwatin jiragen duka biyu, don sun ce su ba su san wanne ne mai wutar ba. Da zai fita bai ce mini komai ba sai, "Ki rufe ɗakin nan."

Don Allah ka je ka gan shi. Me za su yi masa? Gidan yarin Sakkwato za su kai shi? Kada ka faɗa wa Inna tukuna.

Mairama.

Isa,
Asabar.

Zuwa ga ƙanwata Mairama.

Bayan gaisuwa da jaje, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa Wada da alheri.

Na ga Kalilu, lafiyarsa lau, ina kai masa abinci. An zauna ranar Alhamis. Ya murɗa sabon jirgin gaban alƙali, ya zagaya bisa tabarma, muhuti, mai rubuta wa alƙali shari'a, ya ɗage ƙafafunsa har aka yi dariya. Ya nuna cewa wannan ba ya cin wuta. Tsohon kuwa ya yarda yana ci, amma mutane sun shaida cewa ranar yana kasuwa tun safe. Wada ba shi da shaida sai yara, ba a kuwa karɓi tasu ba.

Saboda haka alƙali ya ba Kalilu rantsuwa. Ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko, zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa ba a kunna jirgin nan a gidansa ran nan ba. Da ya rantse, magana ta ƙare, ya dawo gida. In ya ƙi, ramuwa ta hau kansa. Na ce masa wannan ai abu ne mai sauƙi, sai ya ƙura wa tsohon jirgin ido, ina jin gajiya ce.

Ki kwantar da hankalinki. Batun gidan yarin Sakkwato kuma, wannan aikin littattafan nan ne. Laifina ne da nake aiko miki da su.

Yayanki,
Jibrilla.

Sabon Birni,
Alhamis.

Yaya,

Takardarka sai yau ta same ni, Habi ta yi zazzaɓi a hanya. Gobe ce Juma'a. Na roƙi wani mai raƙumi ya kawo maka wannan, ban sani ba ko za ta riske ka.

Kada ka bari ya rantse! An kunna jirgin. Ni na kunna shi.

Da ya fita kasuwa na shiga ɗakinsa shara. Na murɗa sabon, ya zagaya, ya tsaya, ban ji komai ba. Sai na ɗauko tsohon. Na ce sau ɗaya tak, in gan shi ni kaɗai, in zauna kusa yadda nake so. Na share tsakar gida, na aje tulu, duk yadda yake yi. Amma kananzir ya yi mini yawa. Harshen wuta ya fito ta gefensa, ya yi kuka, ya zabura ya bar dogonsa ya nufi darni. Na bi shi na kwara masa ruwan tulun duka. Na duba gindin darni, na shafa da hannuna, wallahi ban ga ko tartsatsi ba. Na goge shi, na mai da shi akwati. Na koma na dafa abinci, har waƙa nake yi.

Ban san ko shi ne ya haddasa gobarar ba. Bayan darnin nan akwai murhun matar Wada. Tun ran nan nake ta auna wannan da wancan, ban iya cin abinci. Amma rantsuwar ba a kan gobara take ba, a kan kunnawa take, kuma an kunna.

Ka tuna mutumin nan na bakin kasuwa da muke gudu muna yara, wanda aka ce ya dafa Alƙur'ani a kan gonar da ba tasa ba? Ka tuna yadda yatsunsa suka zube? Ko na rufe ido hannun maigidana nake gani bisa Littafin, hannun da yake ƙira da shi. Zai ɗora shi da zuciya ɗaya, saboda ya yarda da ni.

Ka faɗa masa. Ka faɗa wa alƙali. In an ce in zo, za ni zo, ko da kowa na Isa zai nuna ni da baki. In ya sake ni ma na ji. Ka dai riƙe masa hannu, Yaya.

Mairama.

Isa,
Asabar.

Mairama,

Gaisuwa. Ni ne da kaina, ki yi haƙuri da rubutun maƙeri.

Yayanki ya iso masallaci da gudu, rawani a hannu, ya tarar an watse. Ban rantse ba. Da anka miƙo Alƙur'ani na ce a mai da shi, jirgina ne, gidana ne, na ɗauki ramuwar. Ba wanda ya ji sunanki.

Tun ranar gobara na sani. Na buɗe akwati na tarar da ruwa cikin tukunyarsa, ni kuwa ban taɓa aje shi da ruwa ba. Lagwanin ma ya ƙone har gindi. Da sabon kika yi wasa da ba wanda zai gane, amma tsoho ba ya ɓoye wanda ya taɓa shi.

Ko shi ya ƙone rumbun, ko murhu, Allah kaɗai ya sani. Alƙali ya yanke: rabin hatsinmu na Wada ne, ni za ni gina masa rumbunan. Tsohon kuma an fasa shi da guduma a ƙofar kotu. Na roƙa a bar ni in yi da hannuna, anka bar ni.

Bana tuwo zai yi ƙaranci a gidanmu. Ki fara ci tun yau, Habi ta ce kin rame. Sabon yana cikin aljihuna, naki ne, ki murɗa har ki gaji. In an gama rumbun Wada za ni kai ki Ƙaura ki tsaya bakin dogo ki ga na gaske. Shi ba ya barin hanyarsa.

Ina tafe gobe in Allah ya so. Ki buɗe ɗakin.

Kalilu.