Dalilin da Ya Sa Tsuntsuwa Take Ɓoye Takalma

Zuwa ga ƙanena,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, Allah Ya tsare ku a kan ruwan nan. Mu duk lafiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi. Da yake waya ba ta samunka sai jirginku ya tsaya, shi ya sa na rubuto.

Maganar 'yarka Tsuntsuwa ce. Tun da ka tafi yarinyar nan ta birkice. Ta ƙi makaranta, ta ciji malamarsu, kullum kuma sai takalman uwarta sun ɓace. An yi faɗa, an yi lallashi, ni kaina na taɓa marinta, na ce 'yar shekara shida ba ta isa ta juya gida ba.

Ranar Talata na je gidanku, ina yi mata kitso a tsakar gida, na ce wa matarka jibi zan yi tafiya. Sai yarinyar ta sandare a hannuna, ta ƙanƙame ƙafata. Da ƙyar na samu ta yi magana. Ta ce kada in je, wanda ya yi tafiya ba ya dawowa. Ta ce Kaka ya yi tafiya, an fitar da shi a lulluɓe kowa yana kuka, yanzu kuma Baba ya yi tafiya, ita ce kawai ake ɓoye wa. Takalman nan wai ita take ɓoye su don kada uwarta ta samu na sawa ta fita. Ta kai mu bayan tankin ruwa, ƙafa bakwai muka tarar.

Ni ce fa na ce mata Kaka tafiya ya yi, ranar da Babanmu ya rasu. Wata biyar yarinyar nan tana makokinka ita kaɗai, mu kuma muna dukanta.

Na faɗa mata gaskiya game da Kaka, ta yi kuka sosai. Amma batunka ba ta yarda ba tukuna, ta ce manya suna ƙarya. Don Allah duk tashar da kuka fara tsayawa ka kira, ita za a fara ba wa wayar.

Inna da Kawu da matarka suna gaishe ka. Na tambayi Tsuntsuwa ko tana da saƙo, ta ce sai ta ji muryarka.

Taka,
Yayarka