Ki Sake Tambayata

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ƙafar ta daina kumburi? Ki shafa min kan yara.

Ni dai alhamdu lillahi, aikin wanki a otal ba laifi. Sai dai tun da Baba ya rasu ban samu zuwa ba, abinci ba ya shiga. Wani lokaci ina guga sai in ga hawaye kan zanen gadon mutane. Shugabarmu ta lura, ta haɗa ni da wata likitar damuwa, muna magana ta bidiyo a waya. Lokacin hutu nake shiga ɗakin ajiyar tawul in rufe ƙofa.

Zama uku tana tambayar yadda nake, ina cewa lafiya lau, har ina yi mata ya gida, ya gajiya. Ai haka aka rene mu. A na huɗu da na ce lafiya lau, sai ta sake tambaya. Yaya, sai da na jiƙa tawul biyu.

Kada Inna ta ji. Amma in na kira na ce lafiya lau, don Allah kada ki wuce zuwa wata magana. Ki sake tambayata.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki, Auta