Mijina Zai Kai Gwiwarsa Kemis A Sa Mata Giris

Anti, ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zai sa a tara mana manya. Mijina bakanike ne, shekara ashirin da biyu yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Wata huɗu da suka wuce ya taka baƙin mai ya zame cikin ramin gareji, gwiwarsa ta dama ta karye har cikin gaɓa. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe. Ni ce ɗaga shi, ni ce kwantar da shi, ban taɓa ƙorafi ba.

Da muka koma asibiti, likita ya ce karayar da ta shiga gaɓa takan jawo amosanin gaɓɓai daga baya, gwiwa ta riƙa kumbura tana ƙagewa. Ya ambaci wata allura da ake gwadawa a cikin gaɓar ko za ta rage hakan, amma ya ce ba yanzu ba, a dage da motsa ƙafa tukuna. Anti, duk bayanin nan allurar kawai mutumin nan ya ji. Wai shi ya gane, gwiwa joyin ce kamar na mota, joyin kuwa giris yake so.

Takardar motsa ƙafar da aka ba shi, da ita ya naɗe fulogi. Sau biyu ya je gashin ƙashi ya ce wasan yara ne. Yanzu ya shirya da abokinsa mai kemis na bakin layinmu, mutumin da allurarsa ba ta taɓa wuce ɗuwawu ba, zai soka masa allura a gwiwar ranar Asabar a kan bencin bayan kanta. Na yi magana, ya ce me na sani game da inji. Na kai ƙara wurin yayansa, ya ce in bar maza da harkarsu. Alhali in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango yana cije leɓe, yana zaton ban gani ba. Babansu ma, wato surukina, da ciwon gwiwa ya ƙare, shekara tara bai leƙa ƙofar gida ba. Na gaji wallahi. In ɓoye masa sandar da yake dogarawa ne, ko in je in wanke mai kemis tas?

Matar Bakanike

'Yar'uwa, ajiye sandar nan inda kika gan ta. Wanda kika ɓoye wa sanda, da rarrafe ma zai je, ki ƙara wa gwiwar aiki.

Kina da gaskiya. Ni ba likita ba ce, amma na san allurar cikin gaɓa aikin ƙwararre ce a wuri mai tsabta. Ƙwayar cuta in ta shiga gaɓar da ke kusa da ƙarfe, tana iya lalata abin da aka sha wahalar gyarawa. Kuma likitan da kansa ya ce gwaji ake yi, bai ce an tabbatar ba.

Sai dai ki sake karanta abin da kika rubuta game da surukinki. Mijinki tsoro yake ji, shi ya sa yake neman gyaran da za a gama a rana ɗaya. Faɗa ba ya korar tsoro. Ki same shi lokacin da ransa ke sake, ki ce kin ga yadda yake dafa bango, ke ma abin yana damunki. Ku koma wurin likita kafin Asabar, ya yi tambayoyinsa da bakinsa: wace allura ce, ta dace da shi, yaushe, wa zai yi. Ki karɓo sabuwar takardar motsa ƙafa, ki manna ta a bangon nan da yake dafawa. Mai kemis kuwa a yi masa magana cikin mutunci, ƙila shi ma kunyar abota ce ta hana shi cewa a'a.

In ya sake kawo zancen inji, ki tambaye shi ko zai yarda mai facin taya ya buɗe masa giyabos ɗin mota a bakin titi. Sannan ki tuna masa, duk shagunan kayan gyara da ya sani, babu inda ake sayar da gwiwa.

Allah ya ba shi lafiya, ya mayar da shi gareji da ƙafarsa. Ke kuma ya saka miki da alheri.