Sukarin da Na Kwashe Daga Aljihun Babanka

Maigidana Idi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Yamai, ya karatun asibiti? Mu nan Zango lafiya, sai dai kaina ya ɗaure.

Ka san babanka da ciwon suga. Likita ya ce ya motsa jiki, shi kuwa ya sayi keke, kullum sai ya wuce unguwar Pissy har bayan gari. Ran Asabar na tarar da sukari a aljihunsa. Na ce a raina, "Au, kwaɗayi a ɓoye?" Na kwashe. Ya sha maganinsa ya fita. A hanya jikinsa ya hau rawa, ya faɗi. Mata masu fasa dutse suka ɗura masa zom-kom, ruwan garin gero mai zaƙi, ya farfaɗo.

Likita ya yi mini faɗa, wai shi ya ce wa babanka ya riƙa ɗaukar sukarin, don magani da doguwar tafiya suna saukar da sugan jini. Shekara biyar ina ɓoye masa gwangwanin sukari, yanzu kuma ni zan zuba masa? Rubuto ka warware mini. Kafin nan, keken yana ɗakina a kulle.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida gwaggonka.

Uwargidanka,
Kaka Ladi